Hawan jini: gyaran abinci kaɗai ko shan ƙwaya, wanne ya kamata a fara da shi?

Da zarar an auna mutum an ce masa jininsa ya hau, abin da yake fara tambaya shi ne ko zai iya gyara cimarsa ya huta da shan magani. Tambayar tana kan hanya. Ƙwayar hawan jini kuɗi take ci duk wata, ba kwana uku ake shanta a ajiye ba, kuma kowa ya taɓa jin ƙorafin kumburin ƙafa da yawan fitsari da raunin namiji. A ɗaya gefen kuma ga shanyewar ɓarin jiki, wadda ba ta sallama in za ta shigo. Abin da zai raba gardama lissafi ne: nawa jinin ya hau, nawa kowace hanya take iya saukewa, sannan wane ciwo mutum yake ɗauke da shi tun can.

Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana har da na Kano da Zariya ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, ya fitar da sakamakonsa a 2018. An kwatanta mutum sama da 2,000 da suka samu shanyewa da takwarorinsu masu lafiya, sai aka ga kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ana iya jingina ta ga hawan jini. Kusan ɗaya cikin uku kuwa fashewar jijiya ce a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi toshewa kisa. Wani babban nazari na 2016 da ya haɗa gwaje-gwaje fiye da 100 ya nuna cewa duk maki 10 da aka sauke daga lambar sama ta awon jini (wato 140 ɗin da ke cikin 140/90) yana rage haɗarin shanyewa da kashi 27 cikin 100, gazawar zuciya da kashi 28. Saboda haka da maki za mu auna hanyoyin biyu.

A fara tabbatar da awon

Awo ɗaya da aka yi wa mutum yana haki daga cikin rana bai isa a yanke masa hukunci ba. Ya zauna minti 5 bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha kofi ko sigari cikin minti 30 kafin awo, in kuma fitsari ya matse shi ya fara zagayawa. Ɗamarar na'urar ta dace da damtsensa, domin ƙarama a kan babban damtse tana ƙara lamba. Mai na'ura a gida ya auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, har kwana 7, ya jefar da na ranar farko ya fitar da matsakaicin sauran. A asibiti iyakar ita ce 140/90, a gida 135/85.

Tare da awon ana son gwajin suga, gwajin fitsari don a ga ko furotin yana zuba, gwajin aikin ƙoda da na sinadarin fotashiyam a jini, da na kitsen jini. Mutane suna tsallake su don gudun kashe kuɗi, alhali sakamakonsu yakan canza zaɓin gaba ɗaya.

Abin da gyaran cima da rayuwa yake iya saukewa

Gishiri ne babba, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kwatankwacin cokalin shayi ɗaya a shafe, daga duk abin da ya ci. A ɗauki tukunyar miyar kuka ta gida mai mutum goma. Uwargida ta jefa dunƙulen magi shida. Kowane yana da nauyin giram 4 ko kusa da haka, kuma kusan rabinsa gishiri ne, an samu giram 12 ke nan. Ta ƙara babban cokali ɗaya na gishiri, kusan giram 18. Tukunyar ta tashi da giram 30, kowa ya samu giram 3 a tuwon dare kaɗai, kafin a ƙidaya burodin safe, yajin da aka barbaɗa wa wake da shinkafa da rana, tsire ko kilishin yamma, da taliyar leda da garin da ke cikinta. Mai gidan zai rantse cewa ba ya cin gishiri, don bai taɓa ɗiba da hannunsa ya zuba ba.

Kanwa ma tana cikin lissafin. Yawancinta sodiyam ne, wato sinadarin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Tun a shekarun 1970 likitocin Zariya suka ɗora zargi a kan yawan shan kunun kanwa wajen ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Maijego mai hawan jini, ko wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki, ba ta da dalilin ɗora wa zuciyarta wannan kaya.

Wanda ya rage gishiri da gaske yakan samu saukar maki 5 zuwa 6 a lambar sama. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a rage wa tukunyar gida gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan: dunƙule shida su koma huɗu, bayan mako biyu su koma uku, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da busasshen kifi marar gishiri. Harshe yakan saba cikin makonni kaɗan. Ware wa mai hawan jini tukunyarsa daban marar ɗanɗano yakan mutu cikin wata guda, domin mai girki za ta gaji, shi kuma zai koma sayen na waje. Akwai kuma gishirin da aka gauraya da fotashiyam. A wani gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2021, gishiri mai kashi 25 cikin 100 na fotashiyam ya rage shanyewa da kashi 14. Sai dai mai ciwon ƙoda, da mai shan lisinopril ko losartan ko spironolactone, kada ya taɓa shi sai da izinin likita, domin fotashiyam in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya.

Bayan gishiri sai tsarin cima. Gwajin DASH na Amurka a 1997 ya ciyar da mutane ganye da 'ya'yan itace da madara mai ƙarancin kitse na tsawon mako 8, masu hawan jini a cikinsu suka samu saukar maki 11. A lura, dafa musu abincin aka riƙa yi ana ba su, saboda haka wannan adadi shi ne ƙololuwa, ba abin da kowa zai samu a gidansa ba. Kayan kuwa muna da su a kasuwa: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa, kabewa, wake, dankalin Hausa, ayaba, gwanda, lemo, kankana, da nonon da aka cire wa mai, a sha ba sukari. SIREN ma ya gano cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewa, masu cin nama a kai a kai da masu ƙara gishiri a kan abinci kuma sun fi faɗawa.

Rage ƙiba yana sauke kusan maki ɗaya a kan kowane kilo. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, irin wadda za a iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga, tana sauke 5 zuwa 8. Barin sigari da shisha ba ya sauke lambar sosai, amma shan taba kusan ninka haɗarin shanyewa yake yi, don haka ba abin ciniki ba ne. Batun mai ya fi shafar kitsen jini: man gyaɗa ya fi manja da man shanu sauƙi ga jijiyoyi, man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi kuma a zubar.

Zoɓo yana da hujja, ba camfi ba ne. A wani gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka a 2010, kofi uku a yini na mako 6 ya sauke kimanin maki 7 ga masu ɗan hawan jini. Amma wanda aka ƙulla a leda da tulin sukari ba shi aka gwada ba, kuma babu gwajin da ya nuna zoɓo yana hana shanyewa kamar yadda aka nuna a kan ƙwayoyi.

Waɗannan lambobi ba a tara su kai tsaye a ce an samu 30. Mai himma da ya haɗa biyu ko uku yakan samu 10 zuwa 15, da yawa kuma ba sa kaiwa nan.

Inda lissafin ya raba mutane

Mai 146/92, wanda ba shi da suga, ƙodarsa lafiya, bai taɓa samun shanyewa ko ciwon zuciya ba, in ya sauke maki 10 lambar samansa ta koma 136, ƙasa da iyakar 140. Mai 172/104 in ya sauke 10 ɗin yana nan a 162, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suna ci gaba da shan matsi dare da rana. Na farkon yana da zaɓi, na biyun ba shi da shi.

Masana sun ɗan saɓa a kan na farkon. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce a fara magani daga 140/90, kuma kada a wuce mako huɗu bayan tabbatar da ciwon. Ƙa'idar ƙungiyar masana hawan jini ta duniya ta 2020 ta ba wa mai ƙaramin haɗari damar gwada gyaran rayuwa na wata 3 zuwa 6. A ganinmu wata uku ya isa, bisa sharaɗin a sa ranar komawa awo tun daga farko. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne mutum ya ce zai gyara abinci, ya bar asibiti, ba a sake ganinsa sai bayan shekaru an kawo shi ranga-ranga. Gyaran abinci ba tare da awo ba fata ne kawai.

Wanda ya kai 160/100 zuwa sama, da mai suga, da mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa samun shanyewa ko ciwon zuciya, ya fara magani yanzu, ya gyara cima tare. Ga wanda ya taɓa samun shanyewa ko ciwon zuciya ma, Hukumar ta ce a fara tun lambar sama tana 130 zuwa 139. Shan ƙwaya ba ya ɗauke wa mutum rage gishiri: gishiri mai yawa yana dakushe ƙarfin magungunan, musamman lisinopril da losartan, har a ƙara wa mutum ƙwaya ta uku wadda da tukunya aka gyara ba zai buƙace ta ba.

In magani za a sha, wanne?

Rukuni uku ne a sahun gaba, kowane yana sauke kimanin maki 9 a madaidaicin awo. Likita ne zai zaɓa, amma majinyacin da ya san bambancinsu ya fi riƙe maganinsa.

Amlodipine, miligiram 5 zuwa 10 sau ɗaya a yini, yana buɗe ƙananan jijiyoyi. Yana aiki sosai a jikin baƙar fata, yana daɗewa a jini har ya wuce yini guda, ba ya tilasta gwajin jini a kai a kai, kuma yana cikin masu araha. Aibinsa kumburin ƙafa. Da yamma takalmi ya matse, a danna yatsa a saman idon sawu ya bar rami, da safe ya sace. Ya fi zuwa a miligiram 10. Dalilinsa jijiyoyin da suka buɗe ne suke tura ruwa cikin nama, ba ƙoda ce ta lalace ba, shi ya sa sayen Lasix, maganin fitar da ruwa ta fitsari, a kemis ba ya magance shi, sai dai ya busar da mutum. Abin da ke rage shi shi ne a koma miligiram 5 a haɗa da lisinopril ko losartan. Wasu kuma dasashinsu yakan kumbura, sai a kula da tsaftar baki a sanar da likita. In kumburin ƙafar ya zo da haki ko kasa kwanciya rigingine, wannan wani abu ne daban, zuciya za a duba.

Hydrochlorothiazide, miligiram 12.5 zuwa 25, da 'yan uwansa indapamide da chlorthalidone, suna fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Da safe ake sha don kada su hana barci. Suna iya rage fotashiyam, mutum ya ji kasala da ɗaurewar tsoka. Suna iya ɗaga suga kaɗan, su kuma tayar da ciwon gaɓar nan mai kama babban yatsan ƙafa. Moduretic da aka saba da shi yana ɗauke da miligiram 50 na hydrochlorothiazide a ƙwaya ɗaya, shi ya sa ake yawan rubuta rabi. Mai aikin rana a watannin zafi, da mai azumi, ya tattauna da likita kan lokacin sha tun kafin watan ya kama, domin rashin ruwa da wannan magani sukan haɗu su kawo jiri.

Lisinopril, enalapril da perindopril suna toshe wata hanya ta sinadarai da ke matse jijiyoyi. Su kaɗai ba su cika ƙarfi a jikin baƙar fata ba, domin sinadarin renin da wannan hanya ta dogara da shi yakan yi ƙasa a yawancinmu. Darajarsu tana fitowa ne ga mai suga ko mai zubar furotin a fitsari, inda suke kare ƙoda, da kuma mai gazawar zuciya. Kusan mutum ɗaya cikin goma yakan samu busasshen tari marar majina, ya yi ta shan maganin tari a banza. Maganinsa a canza zuwa losartan ko telmisartan. Kumburin leɓe ko harshe kuwa, wanda ya fi samun baƙar fata, na gaggawa ne: a daina maganin a nufi asibiti nan take. Ana gwada ƙoda da fotashiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Ba a haɗa lisinopril da losartan. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu, domin suna lalata ƙodar jariri. Nata su ne methyldopa, labetalol ko nifedipine mai sakin aiki a hankali.

Atenolol da propranolol sun bar sahun gaba sai in akwai wani dalili na zuciya. Su da magungunan fitsari ne aka fi kuka da su wajen raunin namiji, amlodipine da losartan ba su cika jawo shi ba. Wanda ya ga canji ya faɗa wa likita a sauya masa, kada kunya ta sa ya ajiye magani a ɓoye, ballantana hawan jinin da aka bari shi kansa yana kashe wannan ƙarfi. Atenolol kuma ba a yanke shi rana ɗaya, zuciya takan zabura.

Yawancin masu hawan jini sai da ƙwaya biyu suke daidaita, kuma haɗa biyu a ƙaramin awo ya fi ninka guda ɗaya saukar da jini, da ƙarancin illa. Wace haɗuwa ta fi mana? Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta aka wallafa a 2019, ya ɗauki baƙaƙen fata 728 a ƙasashe shida na Afirka har da Nijeriya da Kamaru. Bayan wata 6, amlodipine da hydrochlorothiazide, da kuma amlodipine da perindopril, sun fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide da kimanin maki 3. Wato in babu wani dalili na daban, amlodipine ya zama ginshiƙi, sannan a zaɓi abokinsa: maganin fitsari ga mai neman araha wanda suga da ƙodarsa lafiya, lisinopril ko losartan ga mai suga ko mai furotin a fitsari. In an samu su a ƙwaya ɗaya ya fi, mantuwa takan ragu.

Bayan farawa ana komawa duk wata har awo ya sauka ƙasa da 140/90, ko ƙasa da 130 ga wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewa, daga nan sai duk wata 3 zuwa 6. Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne shan magani sai kai ya sara. Hawan jini yawanci ba ya sa ciwon kai, kuma awo mai kyau shaida ce cewa maganin yana aiki. In aka ajiye shi jinin yakan koma inda yake cikin kwanaki ko makonni. Rage ƙwaya yana yiwuwa ga wanda ya zubar da ƙiba ya rage gishiri ya kuma daɗe a daidai, amma a hannun likita, ana aunawa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma a bar magani a cikin mota ko inda rana take dukansa.

Wasu magungunan suna rusa aikin duka hanyoyin biyu. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake sha kullum don ciwon jiki da gwiwa, suna riƙe gishiri su ɗaga jini, in kuma suka haɗu da lisinopril da maganin fitsari suna iya taɓa ƙoda. Paracetamol ya fi su aminci. Dexamethasone da prednisolone da ake sha don ƙiba, man shafawa na canza launin fata mai irin wannan sinadari, maganin mura mai pseudoephedrine, da ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen, duk suna ɗaga jini. Mace mai hawan jini ta nemi wata hanyar tazarar. Haɗe-haɗen gargajiya na ƙarin kuzari da ba a san abin da ke cikinsu ba, a nuna wa likita kwalbar.

Aspirin da maganin kitse

Mutane da yawa suna shan aspirin mai miligiram 75 da kansu don “tsinka jini”. Ga wanda ya taɓa samun shanyewar toshewa ko bugun zuciya, yana da amfani tabbatacce. Ga wanda bai taɓa samu ba, gwajin ASPREE na 2018 a kan tsofaffi masu lafiya bai nuna kariya ba, sai ƙarin zubar jini. A wurin da kashi ɗaya cikin uku na shanyewa fashewar jijiya ce, shan aspirin a kan jinin da bai sauka ba ganganci ne. Atorvastatin da 'yan uwansa, masu rage kitsen jini, sun fi hujja ga mai suga da ya haura shekara 40, da mai kitsen jini mai yawa, da wanda ya taɓa samun toshewa: duk milimol ɗaya (ma'aunin kitsen jini a gwaji) da suka sauke daga mugun kitse yana rage manyan cututtukan jijiyoyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ciwon tsoka ne ƙorafinsu, kuma sau da yawa rage awo ko sauya iri yana warware shi. Mai ciki ba ta shan su.

Idan awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, haki, dushewar gani ko ruɗewa, asibiti za a nufa a lokacin, ba a fasa nifedipine a ƙarƙashin harshe, domin faɗuwar jini farat ɗaya tana iya jawo shanyewar da ake gudu. Haka in baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin minti kaɗan. A riƙe lokacin da ya fara, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, haɗiya takan lalace abin ya wuce huhu. Kada kuma a ba shi aspirin sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba.